Ni da kimiyya da zoɓon Maman Ummi

Ni mutumin tarihi ne. Ka tashe ni tsakar dare ka tambaye ni shekarar da Turawa suka ci Kano, zan ce maka 1903 ban ko buɗe ido ba. Ka ce in jero maka sarakunan Fulani tun daga Sulaimanu da Ibrahim Dabo, zan jero har in yi maka gyara da labarin basasar Tukur da Yusufu. Amma kimiyya, tun muna ƙaramar sakandare muka yi hannun riga da ita. Ranar da malaminmu ya cika allo da manyan haruffa masu 'yan lambobi a gindinsu, washegari na kai sunana ajin masu Hausa da tarihi.

Sai ga saƙo ya shigo wayata cewa sunana ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta wata hukumar gwamnatin tarayya, kuma a kwamfuta za a yi. Duk wanda ya gama bautar ƙasa ya dawo yana zaga gari da fayil a hammata ya san nauyin wannan saƙo. Waɗanda suka riga ni shiga irinta suka ce in shirya wa Turanci da lissafi da al'amuran yau da kullum, sannan akwai tambayoyin kimiyya na gama-gari. Nan gabana ya faɗi.

Na garzaya wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Mutumin ya kakkaɓe wani mai jan bango ya miƙo min, ya ce duk wanda ya haddace wannan ya je kawai tela ya auna masa kaki. Malamin da zan iya biya kuwa ɗaya ne a duniya, ƙanena Sadiku, ɗan ajin kimiyya a babbar sakandare, wanda ladansa bai wuce katin data ba. A daren farko na karanto masa da ƙarfin gwiwa cewa duniyoyin da ke kewaya rana tara ne. Ya karɓi littafin ya juya bayansa, ya ce, "Yaya, wannan ai ya girme ni. Takwas ne. Tun 2006 masana taurari suka yi taro a birnin Firag suka sauke Fuluto daga muƙaminta." Na yi shiru ina jinjina lamarin. Ni ina nan ina neman a ɗauke ni, ashe can sama ma rage ma'aikata ake yi.

A hankali karatu ya fara zama, to daga nan ne fitina ta soma, domin sabon ilimi ba ya son zaman ciki, sai ya leƙo. Na bar cewa an yi walƙiya, sai in tsaya ina ƙirga daƙiƙu kafin tsawa, ina bayyana wa duk wanda tsautsayi ya haɗa mu cewa haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa da ƙyar yake yin mita 340. Na je gaida Umma, na tarar tana ɗibar ruwa a randa, na gyara zama na yi mata bayanin yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Ta saurare ni har na dire, sannan ta ce, "Yanzu kai sai da muka sayar da tumaki ka je jami'a kafin ka san randa na sanyaya ruwa?"

Mai shayin bakin layinmu ma bai tsira ba. Na ce masa littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100, amma wannan a gaɓar teku ne. Mu nan Kano muna kan tudu, sama da mita 400, iska ba ta danne ruwa kamar yadda take yi a Legas, don haka nasa a wajen 98 yake tafasa. Bai daina fifita gawayinsa ba ya ce, "Malam, shi kuma bashin da nake bin ka a digiri nawa yake tafasa?" 'Yan benci suka kwashe da dariya. Jahilci dai bai yi ba.

Ana gobe jarrabawa muka iso babin asid da bes. Asid su ne dangin tsami, irin su lemon tsami da tsamiya. Bes kuma dangin kanwa da toka da sabulu. Akwai ma'auni daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana kan 7, abin da ya yi ƙasa asid, abin da ya yi sama bes. Duk na riƙe. Abin da ya ƙi zama shi ne takardar litmos da ake gwada asid da bes da ita: wace ce ke komawa ja, wace ce ke komawa shuɗi. Na faɗa daidai, Sadiku ya juya tambayar, in kife. Da ya gaji sai ya ce, "Yaya, sai ka gani da idonka. Ba sai da litmos ba, zoɓo ma yana yi. Malaminmu ya nuna mana."

Zoɓo kuwa a gidana ba abin nema ba ne, sana'ar matata Maman Ummi ce. A ranar ma akwai babban bokiti a tsakar gida, ta dafa ta tace, ya sha citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta rufe shi da faranti yana hucewa. Na sunan maƙwabta ne da za a yi washegari, har ta karɓi kuɗin. Ita kuma ta fita sayen robobi da ƙanƙara.

Na ɗebo kaɗan a 'yan kofunan gilas. Na farko muka matsa masa lemon tsami, ya ƙara ja, ya yi haske. Sannan na fasa kanwa a kwanon sha na jiƙa ta sosai, na ɗiga cokali ɗaya a kofi na biyu. Jama'a, a gaban idona jan nan ya gudu, abu ya yi duhu, ya koma kore-kore mai ratsin shuɗi. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Sadiku ya ce sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, shi ne ke sauya kama gwargwadon abin da ya tarar. Ja a asid, shuɗi a bes. Ya zauna daram, har gobe ba zai fita ba. Ummi, 'yar shekara uku, tana tsugune a gefe tana tafi.

Sai waya ta yi ƙara, wani abokina ne yana tambayar ko na buga takardar shiga ɗakin jarrabawa. Sabis ba ya kamawa a tsakar gidanmu, na fita zaure, Sadiku ya biyo ni yana tuna min zancen katinsa. Da muka dawo, Ummi tana tsaye a kan kujera 'yar tsuguno, faranti a ƙasa, kwanon kanwa a hannunta babu ko ɗigo. Ta washe baki ta ce, "Abba, na yi maka babba!"

Na leƙa bokitin. Zoɓon suna ya koma kamar ruwan karofin Ƙofar Mata.

Wani zai ɗora hannu a ka. Ni kuwa mai ilimi ne yanzu. Littafi ya ce idan asid ya haɗu da bes sai su kashe juna, a samu gishiri da ruwa. Ke nan magani a gonar yaro. Akwai tsamiya da ta jiƙa a roba don kunun safe, na tace ta na juye gaba ɗaya, na bi da duk lemon tsamin da ke cikin kwando. Abin da shafi na gaba ya tanada, wanda ba mu kai ba tukuna, shi ne kanwa 'yar gidan kabonet ce, kuma in asid ya taɓa kabonet iska yake saki, kabon-dayoksaid. Bokiti ya fara tsuwa. Kumfa ta taso ta cika baki, ta zubo, ta bi siminti ta nufi ƙofar ɗaki. Sadiku ya ce, "Yaya, kamar an kira salla," ya ɗauki takalmansa a hannu, alhali ko alwalar la'asar ba a fara ba.

Ina tsaka da tare kumfa da tsintsiya Maman Ummi ta yi sallama. Ta sauke buhun robobin a hankali. Ba ta yi ihu ba, wanda duk mai aure ya san gara ihun. Ta sa ɗan yatsa ta lasa, ta ce, "Abban Ummi, wa ya zuba min kanwa a zoɓo?"

Na fara da ma'aunin 0 zuwa 14. Ban kai 7 ba ta tare ni. "Ɗan mitsitsi ake sawa a bakin cokali don a kashe tsami. Tun ina 'yar shekara goma na san in ta yi yawa baƙi yake yi. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka kyauta."

Na nuna mata cewa launin fa ya fara dawowa, kuma a ilmance abin da ke cikin bokitin nan gishiri ne da ruwa, lafiyarsa ƙalau, ko jariri zai iya sha. Ta shiga kicin ta fito da moɗa, ta cika ta fal, ta miƙo min da hannu biyu cikin ladabi. "Bismilla."

Mutuncin kimiyya yana hannuna, ga 'yata tana kallo. Na kafa kai na shanye. Ɗanɗanon sabulu ne da gishiri da wani ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro. Na ce madalla. Ta ƙara cikawa. Na ƙara shanyewa. Daren nan da kuɗin motata na jarrabawa aka sayo sabon zoɓo da sukari, ni na hura gawayi har sha biyu, da safe kuma sai da na ranci na mota a wajen mai shayi.

Tsofaffinmu sun daɗe da sanin aikin da kanwa da tsamiya ke yi wa cikin da ya ɗaure, littafina ne dai bai kawo wannan babin ba. Muna hawa gadar Kabuga a cikin a-daidaita-sahu na ji sallamar farko. Daga nan duk ramin da direba ya faɗa sai na yi salati. Layin tantancewa ya miƙe har waje, ana duba takarda, ana dangwala yatsa, ni kuwa ina tsaye ƙafa a harɗe, zufa na keto min da sanyin safiya. Na kusa da ni ya ce, "Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, jarrabawa ce kawai."

Aka zaunar da mu. Agogo ya fara ƙirga baya a kusurwar allon kwamfuta, mai sa ido ya sanar cewa wanda ya fita agogonsa ba zai jira shi ba. Turanci na bi ta kansa a guje. Aka tambayi shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, na danna 1914 har da ɗan murmushi. Sai kimiyya. Wace iska ce ta fi yawa a sararin da muke shaƙa? Naitirojin, kashi 78 cikin ɗari, ko da yake ni a lokacin wata iskar ce daban ta dame ni. Wane sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro? Macen anofilis. Ƙasusuwan baligi nawa ne? 206, kuma kowanne a cikinsu rawa yake yi. Tambaya ta gaba ta ce: wace gaɓa ce ke tsotse ruwa daga ragowar abincin da jiki bai narkar ba? Babban hanji. Na san amsar sarai, domin nawa ya shiga yajin aiki tun asuba. Na danna, na ɗaga hannu.

Bayin yana can ƙarshen harabar, aka haɗa ni da ɗan rakiya mai tafiyar ƙasaita, buta kuma sai da aka nemo. Da na dawo agogo ya koma ja. Lissafin da ya rage na raba masa amsa bisa adalci, kowane harafi ya samu rabonsa. Asid da bes kuwa, ko tambaya ɗaya ba a yi ba.

Na iso gida bayan azahar ina jan ƙafa. Ana ta guɗa a gidan suna, yara na wucewa da robobin zoɓo ja wur. Maman Ummi ta yi min sannu da zuwa, ta shimfiɗa min tabarma, ta tambayi yadda jarrabawa ta kasance. Na ce sai addu'a.

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Af, naka na jiya akwai sauran fiye da rabin bokiti. Na ɗura maka a robobi na sa a firjin maƙwabta, tunda ka ce lafiyarsa ƙalau. Ka san ba kyau zubar da abinci."