Matasa, wai wa zai biya wanda ya shiga ruwa ya fiddo ku?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman mu na cikin garin Katsina. Wallahi tun ranar Juma'a raina ke ɓace, na so in yi shiru amma abin ya hana ni barci.

Bayan la'asar ina dawowa daga kasuwa na ga mutane na ta gudu sun nufi kududdufin nan na bayan unguwarmu, wanda aka daɗe ana haƙar ƙasar gini, yanzu ruwan Agusta ya cika shi maƙil. Samari biyar ne suka zo daga wata unguwa wai wanka da ɗaukar bidiyo. Ɗaya ya hau gaɓa ya ce a riƙe mashi waya a ɗauke shi zai daka tsalle, ya daka, ya taso sau ɗaya, sau biyu, daga nan sai hannu kawai ake hange. Abokan nashi huɗu ba wanda ya iya ruwa. Wanda ke riƙe da wayar ko aje ta bai yi ba, da idona na gani, yana ihu yana ɗauka.

Wani dattijo masunci ne ya fiddo shi, mutumin da ya haura shekara 60, yana gida yana jinyar ƙafa aka ɗauko shi bisa babur. Ya tuɓe riga ya faɗa, sai a nutso na uku ya kamo yaron, ashe ƙafarshi ta kafe cikin laka. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Wani mai Keke Napep ya sauke fasinjojinshi ya kwashe shi sai asibiti. 'Yan kwana-kwana sun iso bayan an fiddo shi, don ruwa ya cinye hanyar lungunmu sai da suka zagaya.

Kafin isha'i bidiyon ya cika Facebook da TikTok, an rubuta wai hukuma ta gaza, wai 'yan kwana-kwana ba su da amfani, ana ta zagi ana tsinuwa, kuma yawancin masu zagin sa'o'inmu ne. Ba wanda ya tambayi mi ya kai yaron cikin ruwan da bai sani ba. Dattijon nan ba a ko ambace shi ba, ya koma gida da tari da zazzaɓi sai mu 'yan unguwa muka yi karo-karo muka sai mashi magani. Mai Napep ba wanda ya ce mashi ga kuɗin mai, alhali kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abokan yaron kuwa tun kafin a bar bakin ruwa suka sulale. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, su sun kwashi mabiya a waya, wanda ya sai da ranshi ya kwashi ciwo.

Kada wani ya juya mani magana. Ban ce a tsaya ciniki bakin ruwa ba, wanda ke nutsewa ba a tambayarshi ko nawa ke aljihunshi. Ran da aka sa wa ceto farashi, ranar yara za su fara ɓoye abokinsu da ya nutse don tsoron abin da za a caji iyayensu, a rasa rai a banza. Allah ya faɗa mamu a Suratul Ma'ida wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. A ceto kowa, mai hankali da wawa. Amma bayan an ceto ka ka sha ruwan zafi ka dawo hayyacinka, laifin dai naka ne, kuma ɗawainiyar da aka yi ta hau kanka da gidanku da abokan da suka zuga ka.

Don akwai bambanci, kuma kun sani. Mutanen Jibiya da ambaliya ta afka masu cikin dare a watan Yulin 2018, suna barci cikin ɗakunansu, aka rasa sama da mutum 40, waɗannan su ne haƙƙinsu ke wuyan gwamnati, don irinsu aka kafa hukumomin agajin gaggawa NEMA da SEMA. Haka manomin da dole sai ya ƙetare gulbi kafin ya kai gona, ko ƙaramin yaron da ya zame ya faɗa rijiya. Kai kuma da ka yi wanka ka sa sabon kaya ka hau babur ka tafi dam ɗin Ajiwa ko Zobe ko Sabke ran yawon Sallah, aka ce maka kada ka shiga ka shiga don budurwa ta ga bidiyo, da wane baki za ka haɗa kanka da su? Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Motar 'yan kwana-kwana da ta fito dominka mai take sha, kuma lokacin da take hanyar zuwa wajenka in gobara ta tashi wani wuri sai dai su jira. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina ta 2021 ya san abin da minti goma ke ci.

Ko ƙasashen da muke kwaikwayo ba haka suke sakin abin ba. A Amurka akwai jihar New Hampshire da doka ta ba hukuma dama ta aiko ma mutum takardar biyan kuɗin ceto in an tabbatar sakacinshi ne ya jawo. A Ingila kuma masu ceto a teku da kan duwatsu galibi 'yan sa-kai ne, ba su karɓar ko kwabo, amma jama'a ke tara masu gudummawa suna ganin girmansu. Mu ba mu biya ba, ba mu tara ba, ba mu gode ba, sai zagi.

Kuma dan Allah ku bar ganin ruwa kwance ku ɗauka ba komi. Ruwan dam sama ɗumi ƙasa sanyi ƙarara, nan take jijiyar ƙafa ke ɗaurewa. Ƙarƙashi akwai laka, akwai kututturan itacen da ruwa ya binne, akwai tsohuwar ragar masunta. Kududdufi kuma rami ne da aka haƙa ba tsari, nan iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum biyu tsaye. Sannan mai nutsewa ba ya cikin hankalinshi, wuyan wanda ya zo cetonshi yake shaƙewa, shi ya sa sau da yawa ake fiddo gawa biyu maimakon ɗaya. Da dattijon nan ya tafi, wa zai riƙe mashi ɗiya? Masu sharhi a Facebook?

In ka yi magana a ce tsautsayi ne, ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma Allah da ya ƙaddara shi ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, Suratul Baƙara aya ta 195, tun muna Islamiyya muka haddace. Hali ɗaya ne da na masu wasan babur ran ɗaurin aure, a ɗage ƙafar gaba tsakiyar titi a banke tsohuwa a ce tsautsayi, uba ya sai da akuya ya biya ɗori. Ban ma son in taɓo masu shan ƙwaya su faɗa ruwa, wannan takaicin daban ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da ba haka muka tashi ba. Muna yara duk dattijon da ya gan ka bakin kududdufi sai ya tsinko tsumagiya ya koro ka har gida, a gidan ma a ƙara maka. Ba ka shiga ruwan wani gari sai ka tambayi masuntan wurin ina ne mai zurfi. In kuwa aka ceto yaro, washegari ubanshi zai sa babbar riga ya ɗauki goro da 'yan tiyoyin gero ya tafi har ƙofar gidan wanda ya ceto shi ya durƙusa, zumuncin ya ɗore har jikoki. Yanzu ka kori ɗan wani daga ruwa uwarshi ta fito ta ce ina ruwanka, an sai ma yaro waya mai tsada amma ba a koya mashi cewa na gode ba. Ya kamata masu unguwanni da limamai da mu kanmu mu san abin yi a kai, ko ba komi a riƙa kiran iyaye ana zaunar da su.

Jiya na leƙa na gaida dattijon, yana zaune bisa tabarma a zaure har yanzu tarin bai sake shi ba. Na tambaye shi ko wani ya zo daga gidan su yaron, ya ce tukuna. Da zan koma na bi ta bakin kududdufin, na iske wasu yara uku sun tuɓe riguna, na huɗun na riƙe da waya. Na kore su, ɗaya na tafiya yana waige yana harara ta.