"Kana ji na?"

Wallahi na gaji da naɗar fodkas, wato shirin hira da ake saurara a intanet, ta manhajar taron bidiyo! Minti goma na farko kullum a "Kana ji na?" suke ƙarewa. Baƙo ya yi ta zuba, leɓe na motsi kamar kifi a ruwa, ashe makirufonsa a kashe yake. Ya kunna, sai ga muryata tana dawo mini daga sifikarsa, don ya ƙi sa abin kunne, wai yana takura masa. To da wa nake hira, da shi ko da kaina? Ga jinkirin intanet: in yi shiru ya yi shiru, in buɗe baki ya buɗe, "Bismillah, ci gaba", "A'a, kai dai ci gaba", kamar surukai sun haɗu a bakin ƙofa. Daidai ya zo kan maganar da saboda ita na gayyato shi, hoto ya daskare, baki a hangame, ido ɗaya a rufe, murya kamar daga cikin rijiya. Ita kuwa manhajar, wai tana tace hayaniya, ta haɗiye dariyarmu kaf amma ta bar ƙarar fankarsa da kukan kujerarsa. Minti 40 na cika, tsarin kyauta ya datse mu a tsakiyar jimla. Na zauna gyara da daddare, ashe ban zaɓi a raba muryoyi ba, tarinsa ya hau kan tambayata, ba mai iya ɓamɓare su. Ina cikin haka sai ga saƙonsa: "Malam, yaushe za a saki shirin?"