Ranar da na buɗe jakar bajet

Shekara da shekaru ina jin kalmar bajet a rediyo, kuma ban taɓa jin ta ita kaɗai ba, kullum tana tafe da lambobin da mutum zai rasa sifili nawa ne a bayansu. An gabatar da bajet, majalisa ta zauna a kan bajet, an ƙara wa ma'aikata kaza bajet. Saboda haka tuntuni na yanke wa kaina hukunci cewa duk inda aka ce bajet, to kuɗi ne jibge, irin wanda sai da inji ake ƙirga shi. Ban tambayi kowa ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni a lokacin ban ga alamar ɓata a tare da ni ba.

Ran nan Oga ya kira ni ya ce an zaɓe ni in je wani taron horarwa na kwana biyu, in wuce wurin akanta in karɓi takardun tafiya. Akantan namu mutum ne mai gauraya Hausa da Turanci kamar an tilasta masa. Ko ɗago kai bai yi ba ya miƙo mini ambulan ya ce, "Malam, mun kama maka ɗaki a budget hotel, jirgin ma budget airline ne, ka yi haƙuri."

Haƙurin me? Na ɗauka irin tawali'un manya ne, a ba ka abu mai tsada a ce ka yi haƙuri ba yawa. Ina fita na kira gida.

"Uwargida, Allah ya yi. Otal ɗin bajet aka kama mini. Jirgin ma na bajet."

Ta yi shiru kaɗan. "Maigida, ka tabbata ka ji abin da ya ce da kyau?"

"Ke dai Turancin makaranta kika sani. Wannan na ofis ne."

Ta ce to Allah ya kiyaye hanya. Har yau idan na tuna yadda ta faɗi wannan "to" ɗin sai in ji kunya ta dawo mini sabuwa.

Na cika babban akwati da kayan da ban cika sa su ba sai za a ɗauki hoto, don kada in shiga wurin manya a raina ni. A filin jirgi aka ɗora akwatin a sikeli, aka ce tikitina bai haɗa da kaya ba, sai na biya daban. Na biya. A cikin jirgin gwiwoyina suka yi ta gaisawa da bayan kujerar gabana har muka sauka, da na nemi ruwa kuma aka nuna mini farashi. Duk da haka ban farga ba. Na ce a raina wataƙila an matse a nan ne don a saki a otal.

Otal ɗin kuwa, ina tura ƙofar ɗakin ta bugi gado. Tagar na kallon bango, tawul ɗin bai fi hankici ba, sabulun kamar maɓallin riga. Akwatina da ni ba mu iya tsayuwa a ƙasa lokaci guda, dole ɗaya ya hau gado. Na sauko a fusace na sami yaron da ke karɓar baƙi.

"Samari, ina jin an yi kuskure. Ni na bajet aka kama mini."

"Ranka ya daɗe, ai a cikinsa kake."

"Na ce maka na bajet."

Ya dube ni, ya dubi babbar rigata, sai ya sassauta murya kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ya ce a Turanci, idan aka sa kalmar nan gaban sunan wani abu, otal ne ko jirgi ko wayar hannu, ma'anarta mai araha. Wato na masu lallaɓa aljihu. Na ce ai na sani, gwada shi nake yi. Ya ce ya gane, ranka ya daɗe. Bai gane komai ba sai gaskiya.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, don fankar ɗakin ƙara ta fi ba da iska. Na ɗauko waya na shiga neman asalin kalmar da ta yi mini wannan wulaƙanci, kamar mai binciken dangin wanda ya mare shi. Abin da na tarar ya fi ɗakin ba ni mamaki: ashe bajet jaka ce. Jakar fata kawai. Mutanen Gol, waɗanda suka zauna a inda Faransa take a yau, su ke da kalmar tun farko, Rumawa suka ara suka ce bulga. A tsohon Faransanci ta zama bouge, 'yar ƙaramarta kuma bougette, irin 'yar jakar da matafiyi ke ratayawa ya zuba kuɗinsa da takardunsa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15 tana nan a jakarta. Har akwai wata 'yar'uwarta a Turanci, bulge, mai nufin kumburi ko tudun da abu ke yi idan an cika shi. Na shafa aljihuna na ga shi bai san da wannan zumunci ba.

Yadda jaka ta koma lissafin gwamnati shi ne ya fi burge ni, don da zagi aka fara. A 1733 Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin firayim ministan Birtaniya na farko, ya zo da shirin sabon tsarin haraji a kan taba da giya. 'Yan adawa suka buga wata 'yar takarda suna kwatanta shi da mai maganin bogi da ya tsaya a kasuwa ya buɗe jakarsa zai yaudari jama'a. Shirin harajin bai kai labari ba, dole ya janye shi, amma maganar buɗe jaka ta zauna daram. Sannu a hankali sunan ya tashi daga kan jakar ya koma kan takardun da ke cikinta. Daga baya Faransawa suka sake aro kalmar daga Turanci da sabuwar ma'anarta, kamar wanda ya ba da aron riga aka dawo masa da ita an sake mata ɗinki.

Na kuma lura kalmar aiki uku take yi. Tana zama suna, wato tsarin abin da zai shigo da abin da zai fita a wata ko shekara. Tana zama aikatau, mutum ya ce ya yi wa abu bajet, wato ya ware masa rabonsa tun kafin lokaci, kuma ba kuɗi kaɗai ba, har lokaci ana yi wa. Sai na ukun, wanda ya kwantar da ni a kan gado ɗaya da akwati. A ganina wannan na ukun wayon 'yan kasuwa ne tsantsa. Ka ce wa mutum kayanka na talakawa ne, ya yi fushi ya tafi. Ka ce masa na bajet ne, sai ya ji shi mai tsari ne, ba mai babu ba. Abin haushin ma, da akanta ya yi mini Hausa da ban sha wannan kunya ba. Mu kasafi muke cewa, kuma kowa ya san ba a kasafta abin da babu, sannan duk abin da aka kasa kashi-kashi raguwa yake yi a hannun kowa.

Da na tsaya a nan da na tsira. Amma sai na ci gaba da karatu har na faɗa kan jan akwatin ministan kuɗin Birtaniya, wanda yake ɗagawa a ƙofar gida mai lamba 11 a titin Downing ranar gabatar da kasafi, 'yan jarida suna ta ɗaukar hoto. Na asalin an yi wa William Gladstone shi ne wajen 1860, ministoci da yawa suka yi ta amfani da shi, sai a 2010 aka yi masa ritaya saboda tsufa. Shi Gladstone ɗin a 1853 ya yi awa huɗu da minti 45 yana jawabin kasafi, Benjamin Disraeli kuwa a 1867 cikin minti 45 ya gama nasa. Sai labarin da ake bayarwa na George Ward Hunt, wanda a 1868 ya isa majalisa ya buɗe akwati ya tarar ya baro jawabin a gida. Na yi dariya har na buga gwiwa a bango. Na ce wannan wane irin sakarai ne?

Na dawo gida da niyyar gyara tattalin arzikin iyalina, wanda babu wanda ya ce mini ya lalace. Na samo wani tsari da Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, ta yaɗa tare da 'yarta a 2005: kashi 50 cikin ɗari na abin da ke shigowa ya tafi ga buƙatun dole, 30 ga abin da rai ke so, 20 ga ajiya da biyan bashi. A takarda abin gwanin kyau. Da na jera haya da cefane da kuɗin makaranta da wuta da ruwa da kuɗin mota, na dole kaɗai suka cinye kashi 74. Sai na shiga aikin da na tabbata ministoci ma suna yi a ɓoye, wato sauya wa abubuwa suna. Datar wayata da kuɗin tashar ƙwallo na mayar da su buƙatun dole, tunda lafiyar ƙwaƙwalwar shugaban gida ce. Duk abin da ya shafi uwargida na tura shi layin abin da rai ke so. Da na haɗa jimla ta ba ni 118 cikin ɗari.

Ban karaya ba. Gwamnatoci ma suna yin kasafi mai giɓi, su cike da rance. A ƙarƙashin kuɗin shiga na ƙara layi ɗaya: rance daga akanta, kashi 18. Lissafi ya daidaita tsaf. Na buga shi a kwamfutar ofis bayan an tashi, da kanun magana da layuka da komai. A hanyar gida na tsaya na sayi jar jaka mai kwaɗo biyu. Mai shagon ya nuna mini wata mai araha, na ce a'a, na gaji da kayan bajet.

Daren Asabar na tara majalisa a falo: uwargida, yara uku, da ƙanwarta da ta zo hutu, wadda na naɗa 'yar kallo amma ta naɗa kanta 'yar adawa. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga jakar daidai kafaɗa, babban ɗana ya ɗauke ni hoto. Sannan na fara jawabi. Na faro daga mutanen Gol, na bi ta kan Rumawa, na yada zango wurin Walpole. Ban kai Gladstone daɗewa ba, amma na wuce Disraeli, don ƙaramar ta yi barci ta farka ina nan ina magana. Har labarin Hunt na ba su, muka yi dariya tare. Na rufe da cewa daga yau gidan nan daidai ruwa daidai tsaki, ba sauran kashe kuɗi barkatai.

"Yaya, a buɗe jakar mana," in ji 'yar adawa.

Na ɗora ta a tebur, na ɓalle kwaɗon farko, na ɓalle na biyu, na buɗe a hankali don abin ya yi armashi. Babu komai a ciki sai rasiɗin jakar. Na zazzage ta, na leƙa aljihun gefe, na laluba rigata. Sai a lokacin na ga takardar a idon zuciyata, kwance a bakin injin buga takardu na ofis, inda na bar ta ina saurin zuwa sayen jaka.

"Baba, kai ma ka zama sakaran nan?" in ji na tsakiyan. Uwarsa ta daka masa tsawa, amma kafaɗunta rawa suke yi.

Ta miƙa hannu ta ɗauki rasiɗin, ta karanta, ta sake karantawa. "Maigida, wannan a wane layi take? Dole ce, ko abin da rai ke so?"

Na ce kayan aiki ne. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya sha selotef. Ashe tun shekarar da muka yi aure take rubuta duk abin da na ba ta da inda ya tafi, wata bayan wata, ba jawabi ba hoto. Ta buɗe shafin watan ta nuna mini wani layi can ƙasa, kashi biyar cikin ɗari, an rubuta "Shirmen Maigida". Na juya baya na ga layin yana nan a kowane shafi. Watan da na sayo injin motsa jiki da muke shanya a kansa ma yana nan, an ja masa layi biyu.

"Jakar nan ta cinye na wannan watan da na gobe," ta ce. "Sai ka yi haƙuri da tashar ƙwallo."

Ranar Litinin na yi sammako don in riga kowa isa wurin injin. Na tarar babu takarda. Ina zama masinja ya ce akanta na nemana. Na shiga na same shi da kasafina a gabansa, ya bi shi da jan biro layi-layi, har ya gano na manta da kuɗin magani gaba ɗaya, wato giɓin ma ya fi yadda na zata. Ya zagaye layin rancen nan sau uku. Wannan karon ya ɗago kai, kuma da Hausa zalla ya yi magana.

"Malam, majalisa ba ta amince ba."

Jakar tana nan, ƙaramar ce ke zuwa makaranta da ita. Hoton kuma 'yar adawa ta tura wa dangi kaf tun a daren, kuma har yanzu idan surukina ya kira ni, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "Ranka ya daɗe minista, an ga takardar?"