Filastar nikotin ba sigari ba ce

Da yawa daga cikin masu shan taba sukan ƙi filastar nikotin, wadda ake mannawa a fata don taimaka wa mutum ya daina shan taba, idan likita ya rubuta musu, wai ai guba ɗaya ce aka sauya wa hanya. Ba haka ba ne. Nikotin shi ke jawo jarabar, amma abin da ke haddasa ciwon daji da ciwon huhu hayaƙin ne, wanda ke ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu kawo ciwon daji. Filasta ba ta ƙona komai. A hankali take sakin nikotin ta fata, ta rage ƙishirwar taba da saurin fushi.

Mai shan kara fiye da 10 a rana yakan fara da ta miligiram 21 tsawon mako 6, sai ta 14 mako 2, sannan ta 7 mako 2. A manna sabuwa kowace safiya a busasshiyar fata mara gashi, damtse ko ƙirji, a danne daƙiƙa 10. A riƙa sauya wuri, in ba haka ba fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi. In tana hana barci, a cire ta da dare.

Wani kuskuren da akan yi shi ne daina manna filastar bayan mako ɗaya ko biyu. Idan sha'awar ta taso kwatsam, likita na iya ƙara cingam ɗin nikotin a kai.