Daina sayar wa mata kwalaben da ba a gwada ba

Yanzu da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka ci karo da tallan ƙwayoyin ɗaukewar al'ada ba. Kwalba mai hoton fure, mace tana murmushi, sai alƙawari: zafin jikin nan mai tasowa kwatsam zai tafi, zufar dare za ta tsaya, barci zai dawo. A ƙarshe a rufe da maganar da ta fi ɓata min rai, wai daga tsirrai aka yi, don haka ba ta da illa.

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da sinadarin istrojin ke raguwa a jiki. Wahalar gaskiya ce, wasu matan kan shafe shekaru suna fama da ita, kuma da yawa ba sa faɗa wa kowa saboda kunya. Wannan shirun ne jarin masu kasuwar.

Mu ɗauki black cohosh, tsiron Arewacin Amurka da ake yawan zubawa a irin waɗannan kwalabe. A 2006 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan mata 351, aka ga bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage zafin jikin ba. A shekarar ce kuma hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi kan rahotannin lalacewar hanta a wasu masu shan sa. Cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen a 2012, ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta goyi bayan amfani da shi. Sinadaran waken soya sun ɗan fi shi nuna alamar amfani, amma kaɗan ne, bai kai kururuwar tallan ba. Ƙungiyar likitocin Arewacin Amurka da ta ƙware kan ɗaukewar al'ada ta fitar da matsaya a 2023, ba ta ba da shawarar shan waɗannan haɗe-haɗen tsirrai don zafin jiki ba.

Za a ce ai wance ta sha ta ji sauƙi. Ban ƙaryata ta ba, sai dai a gwaje-gwajen nan har matan da aka ba ƙwayar da ba komai a ciki kan ce sun samu sauƙi sosai, don ciwon da ma yana hawa yana sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kayan ke shiga kasuwa. A Amurka, inda da yawa daga cikinsu ke fitowa, dokar 1994 ta ware su daga magunguna, ba sai kamfani ya tabbatar wa hukuma cewa kayansa na aiki ba kafin ya fara sayarwa. Maganin asibiti sai ya shafe shekaru ana gwada shi, wannan kuwa daga masana'anta sai hannun mai saye. Kuma tsiro ba ruwan sha ba ne. Tsiron St John's wort da ake sakawa don gyara yanayin zuciya yana raunana warfarin mai hana daskarewar jini, da wasu magungunan cutar ƙanjamau. Mace mai shekara 50 da ke kan magani kullum, wa ya gaya mata haka? Mai talla dai bai gaya mata ba.

Likitoci ma suna da nasu laifin. Tun da wani bincike da aka fitar a 2002 ya tsorata duniya game da maganin maye gurbin istrojin, da yawa suka janye hannu, alhali shi ne ya fi kowanne tasiri kan zafin jikin ga wadda ya dace da ita. Mace ta kai kuka a ce mata girma ne, ta yi haƙuri. To ina za ta nufa in ba wurin mai kwalba ba?

Ya kamata hukumomi su hana tallan da ke alƙawarin waraka ba tare da gwaji ba, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa tambayar mata abin da suke sha a gida. Wadda ta ga jini bayan ta shekara guda ba al'ada, asibiti za ta je a duba mahaifarta, domin wani lokaci haka sankarar mahaifa ke fara nuna kanta, kuma babu kwalbar da za ta gano mata wannan.