Mai injin niƙa da mai walda ma suna da ta cewa a kan farashin kuran

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, duk wanda abincinsa ke rataye da kuran ya san halin da ake shiga. Wuta tana nan, ampul yana ci, amma ba ƙarfi. Abin da ya kamata ya iso shago bolt 220 ne, kuma ƙa'idar da aka saba da ita a harkar lantarki ba ta yarda ya sauka ko ya hau da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Idan ya gangaro 180, dinamon injin ba ya tsayawa, sai dai ya ƙara jan wuta don ya cike giɓin. Wayar naɗin da ke cikinsa ta yi zafi, fentin da ya raba waya da waya ya narke, dinamo ya ƙone. Mai injin niƙa da ke kan layi uku yana da wani haɗarin na daban: waya ɗaya ta ɗauke, biyu su rage, injin ya ci gaba da gurnani har hayaƙi ya tashi. Shi kuwa mai ƙanƙara, abin da ke kashe masa kwamfireso shi ne wutar da ake ɗaukewa a maido cikin daƙiƙu kaɗan, tun iskar da ke ciki ba ta lafa ba.

Babu ɗaya daga cikin wannan asarar da ke fitowa a faktir. Tana fitowa ne a shagon masu naɗin dinamo, da kifin da ya lalace, da ɗinkin salla da ba a gama ba. Ra'ayina shi ne, muddin ƙananan masu sana'a ba su da mai magana da yawunsu a wurin da ake yanke farashi da ƙa'idojin kuran, haka za su ci gaba da biya sau biyu, su biya kamfani su biya mai gyara.

Maradi na cikin yankin da Nigelec, kamfanin lantarki na ƙasa, ke haɗawa da Damagaram da Tawa, kuma jijiyarsa ita ce layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, akwai kuma injinan mai, amma kowa ya ga iyakarsu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta saboda takunkumin ECOWAS, a daidai zamanin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. A tsakanin nan, mai ƙarfi ya sayi gurup, wato injin ba da wuta, marar ƙarfi ya rufe shago.

Shi ma gurup ɗin a yi masa lissafi. Injin gazuwal mai lafiya, da aka ɗora wa kaya daidai, yana shan kusan sulusin lita a kan kowane kilowat-awa ɗaya. A farashin da gwamnati ta sa a 2024, sefa 618 lita, wannan ya kama kusan sefa 200, kuɗin mai kaɗai, ban da man juye da tace da gyara. Injin niƙa mai dinamon kilowat 7.5 da ya yi awa huɗu a cike yana cin kilowat-awa 30, wato lita 10, sama da jika shida. Ga kuma wani abin da masu sayar da gurup ba su cika faɗa ba: dinamo yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, don haka dole a sayi gurup da ya ninka ƙarfinsa biyu ko uku, sannan bayan ya tashi gurup ɗin ya yini yana aiki ƙasa da ƙarfinsa, yana shan mai a banza. Kowace awa da kuran ya ɗauke, ga mai sana'a ƙarin farashi ce da ba wanda ya sanar.

To, wa ke yanke hukunci? Tun 2015 aka kafa hukumar ARSE don sa ido a kan fannin makamashi, a 2016 kuma aka yi sabuwar dokar lantarki. A hannun hukumar ne nazarin farashi yake kafin gwamnati ta zartar, ita ce kuma ke da alhakin kare masu amfani da wuta da sasanta su da kamfani. Mazauninta Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan.

Yadda ake gina farashi ba ɓoyayyen abu ba ne. Kamfani yana kawo jimillar abin da yake buƙata: kuɗin sayen wuta, mai, albashi, gyaran layi, biyan bashi. A duba a amince da wani adadi. Daga nan sai babban aikin, wato raba wannan nauyi a kan rukunin masu amfani. A nan ne ake cin wanda ba ya wurin. Talaka mai ampul biyu da fanka an ware masa rangwame, kuma ya cancanta. Babbar masana'anta tana da injiniya da akanta da za su zauna su kare ta. Tela da mai walda da mai aski da mai cajin waya da matar da ke sayar da zoɓo da ƙanƙara, su ne a tsakiya: sun wuce rangwamen gida, ba su kai girman da za a kira su taro ba.

A duba abu ɗaya kawai, farashin hawa-hawa. A kan ƙananan kontoci, kuɗin kowane kilowat-awa yana ƙaruwa idan abin da aka sha a wata ya ƙetare wani mataki. Manufar mai kyau ce, don mai na'urar sanyaya ɗaki uku ya fi mai fanka ɗaya biya. Amma a jerin shaguna, sau da yawa kontar ɗaya ce ta mai gida, masu haya biyar ko shida suna raba kuɗi. Kowannensu ya sha kilowat-awa 80, wanda da kontarsa ce da yana mataki na ƙasa, amma da aka haɗa ya zama 400 zuwa 480, sai kontar ta ɗauke su tamkar attajiri ɗaya. Sannan rabon kansa rigima ne, mai keken ɗinki ɗaya yana ɗaukar nauyin mai firiza biyu. Maganin a bayyane yake: a sauƙaƙa wa ɗan haya samun kontar kati ta kansa da takardar haya kawai, a bar shi ya biya kuɗin haɗi kashi-kashi cikin katin da yake saye. Haka kuma batun ƙarfin da mutum ya yi rajista da shi. Wanda ya ɗauki kilowat 3 ya sa injin walda, disjonktar, wato na'urar da ke yanke wuta idan kaya ya yi yawa, za ta yini tana faɗuwa, daga nan ne wani ke ba shi shawarar a zagaye ta. Wanda kuma ya ɗauki fiye da buƙatarsa yana biyan kuɗin tsaye na wata-wata a kan ƙarfin da ba ya amfani da shi. Auna kayan shago kafin rajista aikin rabin awa ne, amma mutum nawa aka taɓa yi wa bayaninsa da Hausa?

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan giɓi. A jihar Fensilbaniya ta Amurka, doka ta 1988 ta kafa ofishi na musamman wanda aikinsa kawai shi ne tsaya wa ƙananan kasuwanci a gaban hukumar farashin wuta da gas da ruwa. A maƙwabciyarmu Najeriya, tun Afrilun 2024 an ɗaure farashi mafi tsada da alkawarin awa 20 na wuta a rana, kuma layin da ya kasa ana iya sauke shi daga rukunin. Mutanen Katsina za su gaya maka tsarin yana da nasa ciwon. Abin ɗauka a ciki shi ne ƙa'idar: kuɗi ya tafi tare da inganci.

Ba sai mun jira sabon ofishi ba. Akwai majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta CCIN mai reshe a Maradi, akwai majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, ga ƙungiyoyin teloli da na masu walda da na masu injin niƙa, kowace da shugabanta. Abin da ya rage shi ne su tsayar da kwamiti ɗaya na kuran, kuma ya je da hujja a rubuce. Hukuma ba ta aiki da "wuta ba ta da kyau". Tana aiki da lamba.

Hujjar kuma ba ta da tsada. A zaɓi shago 30 ko 40 a kan turansfo daban-daban, a unguwannin Zariya da Sabon Gari da Bagalam da Ali Ɗan Tsoho da kewayen babbar kasuwa, a tabbata wasu suna kusa da turansfo wasu a ƙarshen layi. Kowanne a ba shi ɗan awon bolt irin wanda ake soka wa a bango da littafi guda. Ya rubuta awo sau uku a rana, hantsi da azahar da bayan magariba, ya rubuta lokacin da wuta ta ɗauke da lokacin da ta dawo. Abin da ya ƙone a ɗauki hotonsa, a ajiye rasiɗin gyara, a rubuta lambar kontar. A tara faktir ko rasiɗin kati na wata 12. Inda irin wannan aikin ke lalacewa sananne ne: a cika littafi daga baya da ka, ko a yi awo da na'urar da ba a gwada ba. Don haka a fara da jera na'urorin duka a soket ɗaya a ga ko bakinsu ɗaya, a kuma nemi ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su riƙa zagayawa kowane mako suna tattarawa. Wata uku na wannan ya isa ya nuna wane turansfo ne ya yi nauyi, wane layi ne aka jibga wa shaguna a waya ɗaya aka bar sauran biyun.

Da wannan a hannu, buƙatun ba su da yawa. A riƙa sanar da jadawalin ɗauke wuta a rediyo da WhatsApp, a kuma cika shi, domin mai ƙanƙara da ya san ba wuta daga ƙarfe 2 zuwa 6 zai tsara aikinsa. A wallafa yawan ɗaukewa da tsawonta jiha-jiha, kada matsakaicin ƙasa ya rufe halin da Maradi ke ciki. A sa wa'adin amsa koke, da hanya bayyananna ta biyan diyya idan bincike ya nuna laifin layi ne. Kafin a taɓa farashi kuma, a zo a yi zaman sauraro a nan, da Hausa, a ba da takardu tun makonni kafin ranar.

Ɓangaren tsimin wuta shi ma haka yake. Manyan shirye-shirye, irin su Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, sun fi karkata ga kai wuta inda babu, kuma wannan wajibi ne. Sai dai kilowat ɗin da aka tsimta a shago ya fi wanda za a samar da sabon inji araha. Dogon ampul na da mai wat 36, idan aka haɗa da abin da ke tada shi, yana cin sama da 40, na LED mai wat 18 kuwa yana ba da haske kusan iri ɗaya. Shago mai guda 10 da ke kunna su awa 6 a rana zai rage kusan kilowat-awa 40 a wata. Keken ɗinki na masana'anta mai tsohon dinamo yana juyawa ko tela bai taka ba, sabon nau'in kuwa sai an taka yake cin wuta, ragin ya kan wuce rabi. Injin walda na naɗin gida yana zubar da wuta mai yawa a zafi yana kuma jijjiga layin maƙwabta, ƙaramin na zamani ya fi shi nesa. Firiza kuma, robar ƙofa sabuwa, share ƙurar bayanta da ba ta tazarar santimita 10 daga bango suna rage aikin kwamfireso, ɗan akwatin da ke jinkirta tashinta minti uku zuwa biyar bayan dawowar wuta kuma yana tsawaita ranta.

Masu sana'a ba jahilan wannan ba ne, jari ne babu. Banki yana neman jingina da tela ba shi da ita. Hanyar da ta dace ita ce a ba shi kayan, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga katin wutarsa, a tsara cirewar ta kasance ƙasa da abin da ya tsimta, don ya ga sauƙi tun watan farko. Indiya ta yi makamancin haka da ampul tun 2015, ta saya da yawa farashi ya faɗi. Gana kuma ta haɗa rangwamen musanya tsohuwar firij da hana shigo da na gwanjo. Amma duk wannan zai rushe idan kayan jabu ne, ampul da aka rubuta wa wat 18 ya mutu cikin wata biyu. UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta fitar da umarnin liƙa alamar cin wuta a kan ampul da kayan lantarki tun 2020. Gari irin Maradi, da kaya ke kwararowa ta Ɗan Isa, shi ya fi kowa buƙatar a ga wannan alamar a kasuwa da wurin gwada gaskiyarta.

Dole kwamitin ya faɗa wa nasa gaskiya, in ba haka ba ba za a saurare shi ba. Satar wuta da zagaye kontar suna cikin abin da ke ƙona turansfo, kuma asarar tana komawa kan farashin mai biya. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta ampul ce, soket na son 2.5, injin walda ko firiza da yawa na son 4 ko 6, kuma wayar sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe tana cikin masu haddasa gobarar kasuwa. Kamfanin ma yana da hujjarsa: yana sayen wuta da tsada, ana riƙe masa bashi, kuma rangwamen da aka yi wa wani, wani ne zai biya. Shi ya sa ban ce a rage wa masu sana'a farashi kai tsaye ba. Na ce a raba nauyin bisa lissafin da kowa zai gani. Mai niƙa da ya yarda ya maida aikinsa hantsi, ya bar lokacin magariba da layi ke cika, ya rage wa kamfani kuɗin tada injinan mai, kuma ya dace a saka masa a farashi.

Lokacin fara awon shi ne Fabrairu, tun zafi bai kankama ba, domin a samu abin kwatantawa. Idan an riƙe littattafan har ƙarshen Mayu, zuwa farkon damina kwamiti zai iya ɗaukar taswirar turansfo da lambobinsa ya kai wa reshen Nigelec na Maradi, ya aika kwafi ga ARSE, ya nemi ranar zama.