"Ai ke ciyar da ke ake yi": hujjar da ake rage wa mata albashi da ita, daga Amurka har Kano

A 1963, da Jami'ar Rutgers ta ɗauki Ruth Bader Ginsburg aikin koyar da shari'a, shugaban sashen ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa albashinta ba zai kai na maza ba, tunda mijinta yana da aiki mai tsoka. Matar da ta yi kunnen doki a matsayi na ɗaya a ajinsu na Jami'ar Columbia a 1959 ke nan, wadda duk da haka babu ofishin lauyoyi ko ɗaya a New York da ya yarda ya ɗauke ta. Da ta samu cikinta na biyu, manyan tufafin surukarta ta riƙa sawa don kada a gane kafin a sabunta mata kwantiragi. Ita ce ta zama mace ta biyu a Kotun Ƙolin Amurka a 1993, tana kan kujerar har rasuwarta a Satumban 2020.

Ina aikin jinya a nan Amurka, kuma ba duk ra'ayin wannan mata na yarda da shi ba. Akwai inda addinina ya raba mu, ban kuma ɓoye wa kowa ba. Amma maganar da aka gaya mata a 1963, ita aka gaya wa ƙanwata a wata makarantar kuɗi a Kano. Lissafi take koyarwa. Ta gano wani malami mai digiri irin nata, wanda ya zo bayanta, ya fi ta albashi. Da ta je wurin mai makarantar, murmushi ya yi, ya ce, "Haba Malama, ai ke ciyar da ke ake yi. Shi kuwa iyali gare shi." Ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, ajin da nake shiga ya fi nasa yawan yara."

Wannan hujja tana da daɗin ji a kunnenmu saboda an yi mata rigar addini. Gaskiya ne ciyarwa tana kan miji. To amma wannan haƙƙi ne tsakanin miji da matarsa, mai makaranta ba ya ciki, ba a kuma ɗaura aure don a rage masa kuɗin ma'aikata ba. Albashi ladan aiki ne. Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma suna da nasu. In da gaske buƙata ake dubawa, da bazawarar da ke riƙe da marayu biyar ta fi tuzurun malami albashi, ni kuwa ban taɓa jin makarantar da ta yi haka ba. Sannan kowa ya san gidaje nawa ne a yau albashin matar ke sayen buhun shinkafa da biyan kuɗin makaranta, ana rufa wa maigida asiri.

Ginsburg ta gane da wuri cewa wannan tunani maza ma yana cutar su. A 1975 ta tsaya wa Stephen Wiesenfeld, wanda matarsa, malamar makaranta, ta rasu wurin haihuwa. Gwamnati ta hana shi tallafin da ake ba macen da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo, don doka ta ɗauka mace ba ta ciyar da gida. Ta yi nasara. Cikin ƙararraki shida da ta gabatar a gaban Kotun Ƙoli tana lauya, biyar ta ci.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai kuwa ita ce wadda ɓangarenta ya sha kaye. Lilly Ledbetter ta yi aiki a masana'antar tayoyin Goodyear da ke Gadsden a jihar Alabama daga 1979 zuwa 1998. Dab da za ta bar aiki wani ya ajiye mata 'yar takarda ba suna, da jerin albashi a jiki. Ita tana karɓar dala 3,727 a wata, mafi ƙarancin albashi a cikin maza masu muƙami irin nata yana karɓar 4,286. A 2007 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ta makara, wai cikin kwana 180 da yanke mata albashin ya kamata ta kai ƙara. Ginsburg ta karanta saɓaninta da babbar murya a zauren kotu, abin da ba kasafai ake yi ba. Hujjarta ita ce albashi a ɓoye yake, ana kuma tauye shi ne kaɗan-kaɗan, to ta yaya mutum zai yi ƙarar abin da bai san ana yi masa ba? Ta ce gyara ya rage ga majalisa. A ranar 29 ga Janairun 2009 Obama ya sa hannu kan doka mai sunan Ledbetter, ita ce ta farko da ya sa wa hannu: duk albashin da aka biya a tauye, lissafin kwanakin sabo yake komawa. Ita Ledbetter ko sisi ba ta samu ba.

Gyare-gyaren 'yan shekarun nan kan wannan turba suke. Colorado tun 2021, sai California da jihar New York a 2023, sun wajabta a rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan albashin da za a biya a tallar neman ma'aikata. Daga Yunin 2023 wata dokar tarayya ta tilasta a sauƙaƙa wa mai juna biyu aiki, kamar ba ta kujera ko ɗauke mata ɗaga kaya mai nauyi.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu su biya mace hutun haihuwa. Dokar 1993 mako 12 ta bayar, ba biya, ita ma sai a wurin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama. Na ga abokiyar aikina ta dawo ɗaga marasa lafiya ɗinkin tiyatarta bai gama warkewa ba, tana tatsar nono a ɗakin ajiyar kaya, saboda kuɗin haya ba ya jira. Na tuna wankan jego da kunun kanwa da kwana arba'in a gaban uwa, raina ya sosu. A takarda ma mun fi su: sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi, Kaduna kuma ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019.

Matsalarmu a wurin aiwatarwa take. Sashe na 17 na kundin tsarin mulki ya ambaci biya daidai ga aiki daidai, amma yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Malamai da yawa a makarantun kuɗi ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita, balle takardar albashi. Da me za su je kotu?

Alhali kotun tana iya yi idan an je. A 2021 an kori wata 'yar sanda a jihar Ekiti saboda ta yi ciki ba aure, bisa ƙa'idar da ba ta taɓa namijin ɗan sanda ba. A 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ce ƙa'idar nuna bambanci ce. Ba sai ka yarda da abin da ta aikata ba kafin ka ga rashin adalcin hukunta mutum ɗaya a laifin mutum biyu. Kuma mu da muka fitar da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa, wadda ta shugabanci alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014, ba za mu ce ba mu da matan da suka san hanyar kotu ba.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu su ne ke ba makarantun kuɗi lasisi, su ne ke sabunta shi. Su sa sharaɗi cewa kowane malami sai an ba shi takardar ɗaukar aiki, a kuma liƙa jadawalin albashi a ɗakin malamai, mai digiri kaza, mai NCE kaza, ƙarin kowace shekara kaza. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma, da ke da rassa a jihohin Arewa, ta nemo malama ɗaya da ta shirya tsayawa, ta ɗauke mata kuɗin shari'a har Kotun Ma'aikata.